Rufe Gari Saboda Annoba: Yaushe Shari'a Ta Ce A Buɗe?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasinmu na wannan mako ya shafi wata mas'ala da ta raba kan jama'a a shekarar 2020, lokacin annobar korona. Mas'alar ita ce: idan hukuma ta rufe gari don tsare lafiyar mutane, sa'an nan yunwa ta fara cin waɗanda aka rufe, shin a ci gaba da kulle ne, ko kuwa a buɗe? Annobar dai ta lafa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa a kanta a watan Mayu 2023. Amma sanƙarau yana zuwa da bazara, amai da gudawa da damina, mashaƙo kuma ya ta da hankalin Kano da maƙwabtanta a 2023. Saboda haka gara a yi karatun tun hankali yana kwance.

Abin da ya faru

Cutar ta ɓulla a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020, a Legas. Ran 30 ga Maris Gwamnatin Tarayya ta rufe Legas da Abuja, a watan Afrilu kuma aka rufe Kano. Jihar Jigawa, a ƙarƙashin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, ita ma ta sa dokar kulle a wasu garuruwanta, aka taƙaita tarurruka. Ba a kan banza aka ji tsoro ba. Daga baya Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya ce an ƙididdige mace-mace 979 a Kano a ɗan wannan tsakanin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa suna da nasaba da cutar.

To, amma mu dubi ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Tun watan Agusta 2019 iyakar Nijeriya da Nijar take rufe, ba a buɗe ta Maigatari ba sai ran 16 ga Disamba 2020. Ke nan annoba ta iske fatauci ya riga ya jigata. Ga shi kuma ta zo da bazara, azumi ya kama ran 24 ga Afrilu, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, manomi yana jiran ranar Alhamis ya kai akuya kasuwar Maigatari ya sayo hatsi da iri da taki. A bayan wannan manomi akwai dillali, da ɗan dako, da mai amalanke, da mai tuwo-tuwo, da direban da ke ɗaukar shanu zuwa Kudu. Duk Alhamis ɗin da kasuwa ba ta ci ba, gidajen waɗannan mutane su ne za su kwana bakwai suna biyan kuɗinta.

Asalin rufe gari

Ba baƙon abu ba ne ga Musulunci. Ya inganta a cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shiga ƙasar da annoba ta faɗa, ya kuma hana wanda yake cikinta fita don gudunta. A shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya isa Sarga sai aka gaya masa annobar Amwas ta ɓarke. Ya shawarci Muhajirai, ya shawarci Ansaru, ya shawarci dattawan Ƙuraishawa, sa'an nan ya juya Madina. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ita ma ƙaddarar Allah ce. A wannan annoba Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal suka rasu. Malaman tarihi sun ruwaito cewa da Amru ɗan Asi ya karɓi ragama, sai ya umarci mutane su watsu cikin duwatsu, Allah Ya kawo sauƙi.

Ko taron ibada ma Shari'a ta yi rangwame a kansa. Ibn Abbas ya taɓa umartar ladaninsa, ranar Juma'a da ruwan sama, ya gaya wa mutane su yi salla a gidajensu. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, sun lasafta ciwo da kuturta da tsoro cikin uzurin barin Juma'a. Ibn Hajar kuma ya ba da labarin yadda mutanen Alƙahira suka taru bayan gari don addu'ar yayewar annoba a shekara ta 833 bayan Hijira, bayan taron sai mace-mace suka ƙaru. Wanda ya ce kulle rashin tawakkali ne, to, ya sake duba littafi.

Rai da dukiya

Malaman usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, sun ce Shari'a ta zo ne don kiyaye abu biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Rai yana gaba da dukiya, babu saɓani. Daga nan ne wasu suka yanke cewa magana ta ƙare, a rufe kawai, tattalin arziki ya jira.

A nan ya kamata mai karatu ya natsu. Ribar attajirin da ya tara buhunan riɗi da zoɓo a sito dukiya ce, tana iya jiran wata guda. Amma mudun geron ɗan dako, wanda yake hannu baka hannu ƙwarya, yana cikin babin kiyaye rai ne, domin yunwa tana kashewa, kuma yaron da bai ƙoshi ba shi ciwo ke fara kayarwa. Haka mai naƙuda da aka rasa motar kai ta asibiti. Ashe a kan talaka ana auna rai da rai ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tattalin arzikin Nijeriya ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari tsakanin Afrilu da Yuni 2020. Wannan adadi, idan aka sauko da shi ƙauyukan Sule Tankarkar, ma'anarsa tukunyar da ba a ɗora ba.

Wanda ya rufe ƙofa

Ya inganta cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwa: ta ɗaure ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. In haka haƙƙin kyanwa yake, ina ga ɗan Adam? Abin da ake fahimta shi ne, duk wanda ya tsare mutum, ciyar da shi ya hau kansa. A cikin shekarar nan ta 18 aka yi fari mai tsanani a Hijaz. Sayyidina Umar ya rubuta wa gwamnoninsa suka aiko da abinci, ya ciyar da waɗanda suka kwararo Madina, ya jinkirta karɓar zakka, shi kansa ya daina cin man shanu har jama'a suka samu.

A 2020 an yi alkawarin tallafi, wasu sun samu. Amma a watan Oktoba na shekarar, mutane sun fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna, suka iske abincin tallafi jibge. Fasa rumbu ba halal ba ne, riƙe abincin mai jin yunwa shi ma abin tambaya ne gobe Ƙiyama. Haka nan Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyun farko na kulle. Dokar da aka kafa don tsare rai, ba ta halatta zubar da jini wajen tilasta ta.

Yaushe za a buɗe?

Ƙa'idojin fiƙihu sun ba mu ma'auni. Na farko, kulle larura ce, larura kuwa gwargwadonta ake ɗauka. Idan cuta ta ɓulla a unguwa guda ta Gumel, ba dalili ba ne na hana manomin Gagarawa zuwa gonarsa, inda ba ya cuɗanya da kowa.

Na biyu, idan cutarwa biyu suka haɗu, sai a ɗauki mafi sauƙi. Sanin wadda ta fi sauƙi kuwa aikin masana ne: likita ya faɗi yadda cutar ke yaɗuwa da abin da asibiti zai iya ɗauka, hakimai da dagatai da sarkin kasuwa su faɗi halin da gidaje ke ciki. Umar bai yanke shi kaɗai ba.

Na uku, ba a gusar da cuta da cuta irinta, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Da Kano ta sassauta dokarta a ranakun Litinin da Alhamis a watan Mayu 2020, sai cefanen mako guda ya koma na 'yan sa'o'i, kasuwanni suka cika maƙil. Buɗewa tana son tsari: a fara da gona da kasuwar hatsi da ta dabbobi, a yalwata wuri da lokaci, a jinkirta bukukuwa, a ƙara tsare tsofaffi da masu ciwo.

Na huɗu, hukuncin shugaba a kan talakawa yana rataye ne da maslaharsu. Muddin hatsarin yana nan kuma ana ciyarwa, biyayya ta wajaba a kanmu. Idan hukuma ta kasa ciyarwa, to, wajibinta ne ta rage kulle, ta koma ga matakan da talaka zai iya ɗauka.

Mu kuma jama'a da namu nauyin. Mai hali ya gaggauta zakkarsa, maƙwabci ya leƙa maƙwabci, ɗan kasuwa ya ji tsoron Allah kada ya ɓoye hatsi, domin an hana ɓoye abinci don ya yi tsada. Mara lafiya kuma ya zauna gida, kada ya kai wa ɗan'uwansa cuta a sahun salla.

Allah Ya kare mu daga annoba da yunwa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum, sai mako mai zuwa in Allah Ya yarda.