Mantuwa Bayan Aikin Jijiyar Ƙwaƙwalwa

Ku sani, jama'a, wani lokaci bangon jijiyar jini a cikin kai yakan yi rauni ya kumbura, kamar tiyub ɗin keke da ya yi ƙulu. Kimanin mutum 3 cikin 100 na yawo da wannan kumburi ba su sani ba. Ran da ya fashe, ciwon kai kan sauko farat ɗaya, irin wanda mutum bai taɓa ji ba. Likitoci kan toshe shi ta hanya biyu. Ko dai a buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, aikin da likita Walter Dandy ya fara a Amurka a 1937, ko kuwa a zura siririn bututu ta jijiyar cinya a cusa masa zaren filatinam.

Sau da yawa majinyaci yakan dawo gida da ƙafarsa, magana garau, amma ya ci tuwo ya rantse ba a ba shi ba, ko lissafin shago ya gagare shi. Sai dangi su ce, "Ai aikin ne ya taɓa shi." Galibi ba haka ba ne. Jinin da ya malala kafin a kai asibiti ya riga ya yi ɓarna, kuma daga kwana 3 zuwa 14 bayan fashewar jijiyoyin kai kan tsuke, wani sashen ƙwaƙwalwa ya rasa jini. Shi ya sa ake ba da maganin nimodifin har kwana 21.

Wani zai ce, to waɗanda aka yi wa aiki kafin kumburin ya fashe fa, ba su ma kan yi mantuwa ba? Gaskiya ne, akan samu, musamman idan kumburin yana jijiyar da ke haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu ta gaba. Ƙananan rassanta ne ke shayar da wurin da ke riƙe sabon abu, kuma in ɗaya ya toshe mutum kan manta, har ya riƙa cike giɓin da labarin da bai faru ba, ba da niyyar ƙarya ba. Amma kumburin da ya fashe aka bar shi yakan sake fashewa, karo na biyu kuwa ya fi kisa.

Don haka kada tsoron mantuwa ya hana ku sa hannu a takardar aiki. In majinyacin ya dawo gida, ku rubuta masa lokutan shan magani, ku lura da hawan jininsa, ku raba shi da sigari.