Ciwon Haukan Shanu da Makomar Ɗan Maraƙi

Ciwon haukan shanu, wanda aka gano a Ingila a 1986, gurɓataccen furotin ne ke haddasa shi ta hanyar rarake ƙwaƙwalwa, kuma ya bazu ne ta garin nama da ƙashi da aka riƙa cakuɗa wa shanu a abinci. Gadonsa daga uwa ƙalilan ne, ko a maraƙin da aka haifa dab da bayyanar cutar, ba a kuma gano shi a madara ba. Don haka makiyayi a garin Bande da ya ga saniyarsa tana tangaɗi tana dalalar da yawu, gara ya fara zargin haukan kare maimakon haukan shanu, ya ware ta da ɗanta, kada ya yanka ta ko ya sa hannu a bakinta, ya kira likitan dabbobi daga garin Magarya.