HAƊA KUƊIN MAI DA NEMAN ABOKAN TAFIYA TA WAYA: INA HUKUNCIN YAKE?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, har mai mota ya koma neman wanda zai rage masa kuɗin mai. A Faransa suna da manhajar BlaBlaCar domin wannan: mai tafiya ya saka guraben da suka rage a motarsa, masu bin hanyar su biya. Mu nan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, WhatsApp ne ke yi mana wannan aiki: "Gobe zan je Funtuwa, saura mutum biyu."

Asalin abin halal ne. A tafiyar Badar, shekara ta 2 bayan hijira, sahabbai sun haura 300 amma raƙumansu kusan 70 ne, sai aka riƙa hawa karɓa-karɓa. Manzon Allah ﷺ da kansa ya yi tarayya da Aliyu da Abu Lubaba a kan raƙumi ɗaya. Idan kuɗin mai kawai aka haɗa, taimakon juna ne. Idan kuwa mai motar riba yake nema, ta zama ijara, wato haya, dole a yanke kuɗi da wurin sauka kafin a tashi. Wannan magana ta "shigo kawai, ma daidaita a can" ita ke haifar da rigima a bakin tasha.

Amma inda na fi so mu tsaya shi ne amanar labarin tafiya. Kun tuna a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da namu ukun, saboda yadda infoma ke kai wa 'yan bindiga rahoto. To yaya mutum zai rubuta a zauren da ke da mutum ɗari biyu, rabinsu bai san fuskarsu ba, cewa ƙarfe shida zai tashi, ta Sheme zai bi, har da hoton motar? Ba ransa kaɗai ya saka a ciki ba, har da na fasinjojin da suka amince masa.

Wani zai ce ai tawakkali. Malam, a hadisin Ka'abu ɗan Malik cikin Bukhari, Annabi ﷺ kan ɓoye inda ya nufa idan zai fita yaƙi, Tabuka ce ya bayyana saboda nisa da zafi. Wa ya fi shi tawakkali?

Saboda haka a zaure ka ce akwai gurbi, shi ke nan. Lokaci da hanya sai ga wanda ka sani, ko wanda amintacce ya tsaya masa. Shugaban zaure kuma ya sani, duk lambar da ya shigar ba tare da tantancewa ba, yana da kaso a abin da ta jawo. Mata kuwa, kar rahusar kuɗi ta sa a bar 'yar uwa ita kaɗai da direban da ba muharraminta ba. Kafin a tashi, a tura wa na gida sunan direba da lambar mota.

Wallahu a'alam.