FILIN MANOMA: ABIN DA KE CIKIN ƘURAR HUNTURU

Daga watan Nuwamba har zuwa Maris, iskar arewa maso gabas ta kan taso da hazo, gari ya yi fari fat, rana ta koma kamar faifan tasa. Manomi ya ga ƙura ta kwanta bisa ganyen albasarsa a fadama, ɗan kasuwa ya kaɗe hajarsa sau uku kafin azahar, akawu kuwa ya iske teburinsa ya yi furu-furu ko da ya kulle ofis. Kowa ya san ƙurar nan, amma kaɗan ne suka san inda ta fito da abin da ta ƙunsa. Sanin nan kuwa yana da amfani, domin ƙura ɗaya ce ta ke ƙara wa gona ƙarfi, ita ce kuma ta ke kwantar da mai gonar.

INDA TA KE FITOWA

Mafi yawan ƙurar da ke sauka a ƙasar Hausa daga ƙasar Cadi ta ke tasowa, a wani ƙaton kwari da a ke kira Bodele, kusa da garin Faya, wajen mil 700 daga Kano. Shekaru kamar 7,000 da suka wuce wurin nan ƙarƙashin ruwa ya ke, domin a zamanin nan Tafkin Cadi wani babban teku ne na ruwan daɗi. Da ruwan ya janye sai ya bar farar ƙasa marar nauyi, wadda ke marmashewa a hannu.

Arewa da kwarin akwai duwatsun Tibesti, gabas kuma duwatsun Enedi. In iska ta biyo ta tsakaninsu sai ta matsu ta ƙara ƙarfi, kamar yadda ruwa ke yi in ya shiga mazurari, ta faɗo wa kwarin ta ɗebi ƙasarsa ta yi sama da ita. Haka ya kan faru wajen kwana 100 a shekara. Kwana ɗaya ko biyu bayan ƙura ta tashi a can, sai a ga hazo ya rufe Maiduguri, Damagaram da Kano.

ABIN DA TA ƘUNSA

Da masu ilmi suka tara ƙurar suka duba ta da madubin likita, sai suka iske abubuwa iri-iri. Abin da ya fi yawa shi ne garin yashi da ya niƙu lilis, wanda su ke kira silika. Akwai yumɓu. Akwai tsatsar ƙarfe, ita ce ke sa farar riga ta yi ja-ja. Akwai alli, da irin gishirin nan da a ke samu cikin toka. Sa'an nan akwai ɓawon waɗansu 'yan mitsi-mitsin tsire-tsire na cikin ruwa, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani. Sun rayu cikin tsohon tafkin, suka mutu suka bar ɓawonsu mai kama da gilashi, shi ne ya taru ya zama farar ƙasar Bodele. Har da garin ƙashin kifin da ya mutu tun zamanin nan a kan samu a ciki, shi kuwa yana ɗauke da fosfaras, watau abin nan da manomin gyaɗa ke saye cikin takin sufa.

Wannan shi ne abin da hamada ta aiko. Amma kafin ƙurar ta kai hancin mutum ta kan gauraya da ta gida: hayaƙin ƙunar daji, hayaƙin murhu da na motoci, ƙaiƙayin sussuka, da busasshen kashin dabbobi da ƙafa ta tattake a hanya. Gaurayen nan ya fi ƙurar hamada zalla cutarwa.

RABON GONA

Alli da gishirin toka da fosfaras duk abincin shuka ne. Ko wace shekara hunturu ya kan yafa wa gonaki kaɗan daga cikinsu ba da ko kwabo ba. A shekarar 2015 masu binciken sararin sama na Amurka suka ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma ko wace shekara, wajen tan miliyan 27 kuma ke haye teku su sauka a kurmin Amazon na Amurka ta Kudu, ɗauke da fosfaras kamar tan 22,000. In ƙura ta ciyar da kurmin da ke bayan teku, to, ta fara ciyar da gonakin da ke kan hanyarta.

Amma fa gonar da aka share ƙal ba ta riƙe wannan kyauta. Iskar da ta kawo ita ce za ta kwashe, har ta haɗa da ƙasar saman gonar. An gwada wannan a gonar gwaji ta Sadore kusa da Yamai, aka ga filin da aka bar wa karan gero a shimfiɗe yana tare ƙasar da iska ta ɗauko, wanda aka bari tsirara kuwa yana zaizayewa. Saboda haka manomin da ya bar wani kashi na karansa a gona, ya ƙyale gawo da sauran itatuwa su tashi, ya kuma ƙi cinna wa saura wuta, ya sami taki, ya kuma rage wa iyalinsa hayaƙi. Ko da ya ke haka ne, abin da ƙura ke kawowa kaɗan ne, ba ya maye gurbin takin shanu ko na zamani.

RABON ƘIRJI

Ƙura iri biyu ce wajen girma. Mai kaurin ciki ita ce ke shiga ido ta sa shi ja da ƙaiƙayi, ta kuma tsaya a hanci da maƙogwaro, majina ta kama ta, a fyace ko a yi kaki a fitar. Mai laushin kuwa, wadda sai an jera ƙwayoyinta kamar 30 kafin su kai kaurin gashin kai guda, ba abin da ke tare ta. Ta kan wuce har can ƙuryar huhu inda numfashi ke haɗuwa da jini. Ita ce ke tayar wa mai fuka ciwonsa, ta tsananta tarin tsofaffi, ta nauyaya wa mai ciwon zuciya, ta kuma sa ciwon haƙarƙari ya fi saurin kama ƙananan yara. Ga kuma bushewar iska, wadda ke kawo faso, tsagewar leɓe da haɓo.

SANƘARAU

Babban abin tsoro shi ne sanƙarau. Mutane da yawa sun ɗauka iska ce ke kawo shi daga hamada. Ba haka ba ne. Ƙwayar cutar a maƙogwaron mutane ta ke zaune, har a na masu lafiya, kamar mutum ɗaya cikin goma, tana bi daga wannan zuwa wancan ta tari da atishawa. Cikin hanci da maƙogwaro akwai wata 'yar fata mai damshi da ke tsare ta kada ta shiga jini. Likitoci suna ganin bushewa da ƙura su ke raunana fatar nan, sai ƙwayar ta sami ƙofa, ta bi jini ta kai ga rufin ƙwaƙwalwa. Sanyi kuma ya kan sa mutane su cunkushe a ɗaki guda su toshe ko wace kafa, ƙwayar ta sami saukin yaɗuwa. Shi ya sa annobar ta kan fara da rani, ta yi tsanani daga Fabrairu zuwa Afrilu, ta lafa da saukar damina.

Tun 1963 wani likitan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zana yankin da cutar ta fi ɓarna. Yau an san ya miƙe daga Sanagal har Habasha, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiyarsa. A shekarar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. An fara wata sabuwar allurar rigakafi a Nijar a 2010, a Nijeriya kuma a 2011, ta karya lagon irin da ya fi yawa a lokacin. Amma wani irin ya ɓullo a Nijar a 2015, ya kuma yi ɓarna a Zamfara da maƙwabtanta a 2017. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara allurar da ke tsare iri biyar gaba ɗaya.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ranar da hazo ya yi kauri, a bar yara, tsofaffi da masu fuka a cikin gida. Wanda fita ta zame masa dole ya rufe hanci da baki, kamar yadda Buzaye ke yi da amawali. Ƙyalle yana tare mai kaurin ne kawai, mai laushin sai takunkumi irin na asibiti wanda ke kama fuska sosai. Mai sussuka da mai sheƙa su tsaya ta inda iska ke fitowa, kada goyo ya zauna inda ƙaiƙayi ke sauka. A yayyafa ruwa kafin shara. Mai tsire, mai fura da mai gari su rufe kayansu. A sha ruwa da yawa ko ba a ji ƙishi ba, a shafa man kaɗanya a leɓe da ƙafa, a wanke ido da ruwa mai tsabta maimakon murzawa. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, kada kuma a tara mutane da yawa a ɗaki marar taga.

In an ji masu allura sun zo gari, a kai kowa da kowa, domin rigakafi ya fi magani. In kuwa zazzaɓi ya kama mutum farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da amai, wuya ya sanƙare, ko maɗigar jariri ta kumbura ya ƙi nono, to, kada a jira gari ya waye. Sanƙarau ya kan kashe cikin kwana ɗaya, amma yana jin magani in an kai asibiti da wuri.

Allah ya kai kowa damina lafiya, amin.