Kuɗin Caca da Ayyukan Taimakon Jama'a: Jan Kunne ga Iyaye

Tun da shagunan caca suka yawaita a unguwanni, har Hukumar Hisba ta Kano ta bi su tana garƙamewa a shekarar 2024, wata magana ta shiga bakin samari. Ka yi wa yaro faɗa, sai ya ce, "Ai Baba wannan gwamnati ta san da ita, da kuɗin ma ake taimakon asibitoci." Wannan magana ce ta sa aka rubuta takardar nan.

Ba a ce ƙarya ce zalla ba. A Birtaniya an kafa cacar ƙasa a 1994, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin tikiti yana tafiya ga ayyukan alheri, ciki har da ƙungiyoyin da ke tallafa wa iyalai da ƙananan yara. A Najeriya ma dokar 2005 ta kafa asusun da ake zuba wani kaso na kuɗin caca, an kuma raba kayan asibiti da kayan wasanni na makarantu daga cikinsa. Sai dai a watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa sha'anin caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya iyakarta Abuja.

To amma daga ina kuɗin suka fito? Ku ɗauka wani mutum ne yake bi gida gida da dare, yana ɗiban moɗa guda daga kowace randa. Matar gida ta tashi da asuba ta ga ruwa ya ragu, ta zargi yara, ta zargi randar da yoyo. Shi kuwa ya cika gangunansa, ya sayar da mafi yawa, ya ba mutum ɗaya tulu cike don mutane su gani su yi ta buɗe masa ƙofa. Ragowar bokiti guda sai ya kawo dandali da hantsi, da makaɗa da maroƙa, a ce ga mai shayar da gari. Masu tafi su ne masu randunan. Wanda ya fi kowa tafi ma sau da yawa shi ne wanda randarsa ta ƙafe.

Dubi ɗan adaidaita sahu da magariba. Bai cika balas ɗin mai keke ba, ya tsaya gaban allon shagon caca, 'yar takarda a hannu ta jiƙe da gumi, yana cewa wasa ɗaya ne ya yanke masa. Jiya ma wasa ɗaya ne. Kuɗin cefane ne a takardar nan, uwargida tana can ta ɗora tukunya tana jiran magi da manja. Wane tallafin iyali ne zai mayar mata da wannan dare? A babbar cacar Birtaniya, damar cin babban rabo ɗaya ce cikin miliyan 45, kuma masu shirya ta ba su ɓoye wannan lissafi ba.

Hukuncin addini kuwa sananne ne. Suratul Baƙara ta ambaci cewa akwai ɗan amfani a caca, ta kuma rinjayar da zunubinta, sannan Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya ta hana. Saboda haka zancen amfani ba sabon abu ba ne da yaro zai zo wa malamai da shi.

Ku iyaye, da ku muke. Abin kunya ne uba ya san farashin taki da na buhun masara, amma bai san abin da ke cikin wayar ɗansa ba. Wani ma yaron ya ci dubu ashirin ya kawo masa biyar, ya karɓa ya sa albarka, bai tambayi tushe ba. Ranar da aka nemi keken ɗinkin uwar aka rasa, sai a dawo ana salati.

Sauran illolin, bashi da sata da saƙon waya na 'yan damfara mai cewa ka ci tallafin caca ka turo kuɗin rajista, kowa ya san su. Mai son taimakon unguwa ga zakka, ga waƙafi, ga aikin gayya, ga asusun masallaci. Wanda kuma ya ga an buɗe shagon caca kusa da makaranta, ya sanar da mai unguwa.