Amsar Tambaya: Shin Itace Ya Fi Gero Jure Fari?

Tambaya: Malam, idan ruwan sama ya ɗauke a tsakiyar damina, gerona yakan yi yaushi, amma itatuwan gonar suna nan shar. Ko tsiro mai laushin kara ba ya jure fari ne?

Amsa: Ɗan'uwa, laushin kara kaɗai ba ya yanke hukunci. Ruwa yana hawa daga saiwa zuwa ganye ta wasu siraran jijiyoyi, ganyen ne ke jan sa yayin da yake fitar da danshi. Idan ƙasa ta bushe, jan yakan tsananta har iska ta kutsa cikin jijiya ta toshe ta, wannan toshewar ce ke kashe tsiro. Wani bincike da aka wallafa a 2016, galibi kan ciyayin Turai, ya nuna cewa jijiyoyin ciyawa ba su fi na itatuwa saurin toshewa ba, kuma waɗanda karansu ya fi tauri sun fi juriya.

Za ka ce ai ido ya gani, itace kore, gero a lanƙwashe. Haka ne, amma bambancin yana ƙarƙashin ƙasa: saiwar itace tana kaiwa ruwa mai zurfi, ta gero kuwa ta fi dogara da danshin saman ƙasa. Naɗe ganyen da gero ke yi da rana dabarar tsimin ruwa ce. Don haka duba gonarka da asuba. Idan ganyen ya miƙe, da sauran ƙarfi. Idan ya kwana a naɗe, akwai haɗari. Cire ciyawa, rufe ƙasa da karmami, ka dakatar da takin zamani sai ruwa ya sauka.