Ƙarfi a Ƙugu Yake: Darasi Daga Masu Durowa Daga Jirgi da 'Yan Langa

Da yawanmu idan aka ce motsa jiki, abin da ke zuwa mana a rai shi ne damtse da ƙirji. Darasinmu na wannan fitowa kuwa a kan tsakiyar jiki yake, wato tsokokin ciki, da kwiɓi, da ƙugu, da gadon baya. Su ne ke riƙe ƙashin baya, su ne kuma ke haɗa ƙarfin ƙafa da na hannu. Domin mu gane muhimmancinsu, bari mu duba wasan da ya fi kowanne gwada su.

Me ake yi a sama?

Masu wasan durowa da laima sukan fito daga jirgi a tsayin kusan mita 4,000. Ba nan take suke buɗe laimar ba, sai sun yi kusan minti ɗaya suna faɗowa. Wanda ya kife rubda-ciki, ya baza hannu da ƙafa, yana saukowa da gudun kusan kilomita 200 a awa. Akwai kuma wani salo da ake kira firiflai, wanda Bajamushe Olav Zipser yana cikin waɗanda suka kafa shi. A wannan salo mutum yakan faɗo a zaune kamar yana kan kujera, ko a tsaye, ko kai a ƙasa ƙafa a sama. Da yake faɗin jikin da ke tare iska ya ragu, gudun yakan haura kilomita 250.

'Yan injiniya sun san lissafin: idan gudu ya ninka sau biyu, turin iska sau huɗu yake ninkawa. Duk wanda ya taɓa hawa bayan a-kori-kura daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada ya san yadda iska ke dukan fuska a gudun kilomita 100. To a kilomita 200, ninki huɗun wannan ne. A irin wannan hali jikin mutum shi ne sitiyarinsa. Kafaɗa ta ɗan karkata, ya juya. Ƙugu ya saki, ya hantsila.

Haɗarin kuma ba na wasa ba ne. Wanda ke faɗowa a zaune, idan ya kasa riƙe kansa ya kife rubda-ciki, gudunsa zai ragu farat ɗaya, abokinsa da ke samansa yana iya afka masa. Shi ya sa masu koyarwa ba sa barin sabon shiga ya fara da firiflai. Sai ya ƙware a rubda-ciki tukuna.

To mu ina ruwanmu?

Wani zai ce, “Malam, mu da ko filin jirgi ba mu taɓa shiga ba?” Ai abin yana kusa da mu. A Jaji, kan hanyar Zariya zuwa Kaduna, ake horar da sojojin laima na Nijeriya, kuma akwai ɗalibai a cikinmu masu burin shiga soja bayan difloma. Ban da wannan, ɗan langa a dandalin Kiru ko Bebeji abu ɗaya yake yi da mai firiflai. Ya kama ƙafa ɗaya da hannu, yana tsalle da ɗaya, ana bangazarsa ta kowane gefe, amma dole ya tsaya, in ba haka ba ya mutu a wasan. Ba damtse ke tsayar da shi ba, ƙugu ne. Haka ɗan kokawa, haka yarinya mai tafiya da tulu a ka ruwa bai zuba ba.

Sannan ga rayuwarmu ta kullum. Muna wuni a zaune kan benci, mu koma ɗaki mu duƙufa kan waya. Hutu ya zo, mu tafi gona a Doguwa mu sunkuya mu ɗaga buhun masara. Jikin da ya yi wata huɗu a zaune, a ce rana ɗaya ya ɗauki buhu, ai neman ciwon baya ne.

Darasin a aikace

Ba ka bukatar kuɗi ko ƙarfe. Tabarma ta isa.

1. Tabarya. Ka kife, ka dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe sambal. Kada ƙugu ya lotsa, kada ya yi tozo. Fara da daƙiƙa 20, ka riƙa ƙarawa har minti ɗaya.

2. Tabaryar gefe. Ka kwanta ta gefe, ka dogara da gwiwar hannu ɗaya, ka ɗaga ƙugu. Daƙiƙa 10, sau biyar kowane gefe. Wannan na kwiɓi ne.

3. Rarrafe. Ka durƙusa da hannu da gwiwa, ka miƙe hannun dama gaba, ƙafar hagu baya, ka riƙe daƙiƙa 10, ka sauya. Ka ɗauka akwai kofin shayi a gadon bayanka, kada ya zube. Wannan da na biyu suna cikin motsa jiki uku da Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo ta Kanada ya yi suna da su wajen kare baya.

4. Kujerar iska. Ka jingina baya da bango, ka sauka har cinya ta kwanta kamar kana zaune, alhali babu kujera. Daƙiƙa 30. Kusan haka mai firiflai yake zama a sama.

5. Tsayuwar langa. Ka kama ƙafa ɗaya ta baya, ka tsaya daƙiƙa 30. In ka iya, ka rufe ido, a nan za ka san gaskiyar jikinka. Daga nan ka yi tsalle goma gaba, goma baya, ka sauya ƙafa.

Duka ba su wuce minti 15 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligai shawarar yin aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Kwana uku bayan sallar asuba ya yi daidai. 'Yan'uwa mata, wannan har da ku, ana iya yi a cikin ɗaki ba sai an fita fili ba.

A kiyaye

Kada ka riƙe numfashi. Da zarar jiki ya fara lanƙwasa, ka tsaya. Daƙiƙa 20 masu kyau sun fi minti biyu na jeka-na-yi-ka. Gajiyar tsoka daban, zafi mai sara a baya ko mai sauka ƙafa daban. In ka ji na biyun, ka daina, ka je asibiti. Mai ƙaba, da mai juna biyu, da wanda aka yi wa aiki a ciki, su fara tuntuɓar likita. Kuma don Allah kada wani ya ce zai gwada jarumta daga kan katanga, ko duwatsun Riruwai, ko bakin dam ɗin Tiga. Durowa da laima sai da malami da kayan aiki.

Ga aikin gida: yau da daddare kai da abokin ɗakinka ku gwada tsayuwar langa ido a rufe, kowa ya rubuta daƙiƙoƙinsa a bayan littafi. Ku yi darasin nan mako huɗu, ku sake gwadawa, ku kwatanta. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba mu sa'ar jarrabawa.